Tsohuwar Taswira da Bututun Gas: Waiwaye Daga Karkarar Rimin Gado

Yawancinmu ɗaliban Hausa idan aka ce tarihi, abin da yake fara zuwa zukatanmu shi ne jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe, ko waƙoƙin fada, ko kuwa labarin da dattawa suke bayarwa a zaure. Ba kasafai muke tuna cewa takardar nan mai zane-zane da ake kira taswira ita ma tana ba da tarihi ba. Mun bar wa 'yan Sashen Labarin Ƙasa ita, sai ka ce gadonsu ce. Manufar wannan maƙala ita ce a duba tarihin taswirorin da aka yi wa karkarar Kano, musamman yankin Rimin Gado, sa'an nan a gwada su da na wata karkara a Turai wadda haƙar iskar gas ta sauya mata kama, domin a ga abin da tsohuwar taswira take iya shaidawa ranar da manomi ya shiga jayayya da hukuma a kan ƙasarsa.

Tun da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa ba a haƙar gas a Rimin Gado. Ƙasar wannan yanki tana zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya ɓullo ya zama fa da duwatsu a wurare da yawa na yamma da kudancin Kano. Shi kuwa gas, kamar ɗan'uwansa man fetur, yana taruwa ne a inda yashi da laka suka jibgu hawa-hawa suka daskare, kamar bakin teku a kudancin Nijeriya, ko kwarin Binuwai, ko kwarin Tafkin Cadi. Saboda haka manomin Rimin Gado ba zai wayi gari ya ga rijiyar gas a gonarsa ba. Amma fa gas yana da ƙafa, ƙafarsa kuwa ita ce bututu, kuma bututun ya riga ya nufo Kano.

Ƙasar da ba ta da saura

Garin Rimin Gado yana kan hanyar Gwarzo, kimanin kilomita 20 yamma da birnin Kano. Faɗin ƙaramar hukumar murabba'in kilomita 225 ne, kuma ƙidayar 2006 ta ba ta mutum 104,790. Idan aka raba, kowane murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da mutum wajen 466. Domin a gane nauyin wannan adadi, sai a tuna da binciken da Michael Mortimore da J. Wilson suka buga a 1965 a kan karkarar Kano mai cinkoson jama'a. Iyakar da aka shata wa wannan karkara a wancan zamani ita ce duk inda mutane suka haura 350 a murabba'in mil guda. Lissafin Rimin Gado na 2006, in an mai da shi mil, ya haura 1,200.

A irin wannan ƙasa babu daji, saura ma sai an tona. Gona tana manne da gona, ana noma ta kowace damina ba hutu, abin da yake riƙe da ita shi ne takin dabbobi da tokar gida da sharar birni, wadda a da jakuna suke ɗaukowa a mangala bayan sun kai itace kasuwa. Iyaka tsakanin gona da gona wani lokaci jerin gamba ce, wani lokaci lalle ko aguwa, wani lokaci kuma kunya guda ce kawai da kowa ya san ta. Kowace bishiya tana da mai ita. Wannan shi ya sa duk layin da hukuma za ta ja a nan, na titi ne ko na dogo ko na bututu, tilas ya bi ta kan abincin wani.

Kafin a kawo takarda, taswirar mutanen wannan yanki a bakinsu take. Dubi sunayen garuruwan. Rimin Gado da Rimin Gata sun ɗauki suna daga rimi, Ɗorayi kuwa jam'in ɗorawa ne. A cikin ƙaramar hukumar akwai Karofin Yashi, kuma duk Bahaushe ya san karofi wurin rini ne. Akwai Zangon Ɗan Abdu, zango kuwa masaukin fatake ne. Wanda ya bi waɗannan sunaye a hankali zai iya zana hanyar ayari da wuraren sana'a ba tare da ya taɓa ganin safiyo ba. Ba kuma za a ce masu mulkinmu na da ba su san zanen ƙasa ba, domin a 1824 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba Baturen nan Clapperton taswirar ƙasashensa da garuruwansu da kogin Kwara, aka buga ta a Landan a 1826.

Taki, safiyo da jirgin sama

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, kuma abin da ya fi damunsu bayan an kwantar da bindiga shi ne haraji. A 1909, zamanin Sarki Abbas, lokacin da C. L. Temple yake riƙe da Lardin Kano, aka soma abin da ake kira taki a gundumomin da suke kewaye da birni. Malamai ne ake turawa su taka tsawon gona da faɗinta da ƙafa, su lissafa girmanta, su rubuta sunan mai ita, sa'an nan a yanka masa haraji gwargwadon eka. (Abin sha'awa ga ɗalibin harshe: kalma ɗaya a rubuce, taki, ita ce sunan abin da yake raya gonar Bakano, ita ce kuma sunan awon da ake tatsarsa da shi. Karin sauti ne kawai ya raba su.) Shekara guda bayan haka, a 1910, aka yi dokar da ta ce duk ƙasar Arewa tana hannun Gwamna, yana riƙe da ita a madadin 'yan ƙasa.

Taki bai rasa aibu ba. Ƙafar wani ta fi ta wani tsawo, gona ba kullum take da kusurwa huɗu ba, kuma malamin da aka yi wa kyakkyawar tarba yana iya faɗaɗa takunsa gonar ta ƙanƙance a takarda. Wannan ya sa daga baya En'e ta Kano ta koma ga safiyo na sosai, da sarƙar awo da ma'aikatan da aka horar, aka riƙa zana taswira gona-gona, kowace da lambarta, da littafin da yake ɗauke da sunan mai ita. Ba don ƙaunar talaka aka yi wannan aiki ba, don kuɗinsa aka yi. Duk da haka, a ganina babu wata takarda da mulkin mallaka ya bari wadda ta kai waɗannan daraja ga tarihin talakan Kano, domin su kaɗai ne suka kira shi da sunansa, suka nuna inda yake tsayawa da fartanya. Polly Hill ta yi amfani da irinsu na shekarun 1930 a binciken da ta yi a Ɗorayi, wanda ta buga a 1977, shi ma Mortimore ya gwada su da abin da ya tarar a shekarun 1960, ya nuna yadda rabon gado da saye da sayarwa suke ƙara daddatsa gonaki.

Taswirar tudu da kwari, wato wadda take nuna hawa da gangaren ƙasa da rafuka da hanyoyi da garuruwa, ta wata hanya dabam ta zo. A 1946 Ingila ta kafa hukumar safiyon ƙasashen da take mulka, wadda aka sauya wa suna a 1957, aka kuma haɗe ta da hukumar safiyon Ingila a 1984. Dabararta ita ce jirgin sama ya bi layi-layi yana ɗaukar hoto, kowane hoto yana hawa kan na kusa da shi, ta yadda idan aka dubi biyu tare ta cikin madubi na musamman sai tudu ya taso, kwari ya faɗa. Ma'aikata a ƙasa kuma suna kafa turakun siminti a kan duwatsu, duka an ɗaure lissafinsu da wata turka guda da take kusa da Minna. Daga hotunan shekarun 1950 da 1960 ne aka fitar da yawancin taswirorin Arewa masu ma'aunin 1:50,000, tare da ofisoshin safiyo na Legas da Kaduna. Kowane falle yana ɗauke da ƙasa mai tsawon kilomita 27 da 'yan kai a kowane gefe, santimita 2 a takarda daidai take da kilomita 1 a ƙasa, tsayi kuma da ƙafa aka rubuta shi, ba da mita ba.

To, a nan ne gizo yake saƙar. A wannan ma'auni, gona mai eka guda ba ta wuce milimita ɗaya da ɗigo uku a kowane gefe ba, wato ba ta kai ƙwayar gero ba. Saboda haka mai zane bai ko gwada nuna ta ba. Karkarar da kowane taku nata yake da mai shi sai ta fito fili fetal, da 'yan ɗige-ɗigen gidaje da alamar itatuwa jefi-jefi. Injiniyan da ya shimfiɗa wannan takarda a tebur a Legas ko Abuja zai ga kamar babu abin da zai hana shi jan layi miƙaƙƙe. Sunaye ma ba su tsira ba: babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ, Calawa ta zama Challawa, ƙananan unguwanni da yawa kuma ba a sa su ba sam. Amma kada a raina ta. Ita ce take nuna inda rafi yake bi kafin a datse ruwa a Tiga a 1974 da Calawa a 1992, da inda fadama take, da hanyoyin ƙafa, da iyakar birni lokacin da filin sabon mazaunin Jami'ar Bayero da unguwannin da suka biyo hanyar Gwarzo duk gonaki ne. Hotunan da aka zana ta daga gare su kuwa sun fi ta magana, don a cikinsu ana ganin iyakar gona, ana ƙirga itatuwa. Da irin waɗannan hotuna ne masu binciken itacen girki a Kano, a littafin da suka fitar a 1990, suka nuna cewa itatuwan gonakin da suke kusa da birni ba ƙarewa suke yi ba kamar yadda ake ta faɗa, manoma suna kiwonsu ne kamar yadda suke kiwon awaki.

Abin da ya faru a Groningen

Yanzu bari mu ƙetare zuwa inda gas ɗin yake a ƙarƙashin gona, mu ga aikin da tsohon awo ya yi. Lardin Groningen yana arewa maso gabashin ƙasar Holan. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce ta manoman alkama da dankali da gwozar sukari, wadda ta fi karkarar Kano ma lafewa, har wasu sassanta sun yi ƙasa da teku, sai da ganuwa da injin tsotse ruwa ake zaune a cikinsu. Mutanen Holan sun daɗe da awon ƙasa. Tun 1832 suke da rajistar filaye ta ƙasa baki ɗaya, a tsakiyar ƙarni na 19 kuma suka gama taswirar tudu da kwari mai ma'aunin 1:50,000, suka ci gaba da sabunta ta.

A 1959 kamfanin NAM, wanda Shell da Esso suka haɗu suka kafa, ya tarar da gas a wata gona kusa da Slochteren, a zurfin kimanin kilomita 3. Ashe tafki ne mai faɗin murabba'in kilomita wajen 900, wato ninki huɗu na ƙaramar hukumar Rimin Gado, kuma babu kamarsa a Turai ta Yamma. Aka soma ɗiba a 1963. Wanda ya jera taswirorin wannan yanki na kafin 1959 da na bayanta zai ga sababbin abubuwa sun tsiro a tsakiyar gonaki: filaye masu kusurwa huɗu da aka kewaye da waya, fiye da 20, kowanne da rijiyoyi a jere, da titunan da suke zuwa gare su su tsaya. Gaskiya ne ba duk sauyin da ake gani gas ne ya kawo shi ba, domin a waɗannan shekaru gwamnati tana harhaɗe ƙananan gonaki su zama manya. Mai karanta taswira dole ya yi hattara da wannan, kada ya ɗora wa gas laifin da ba nasa ba.

Babban sauyin kuwa ido ba ya ganinsa. Gas yana zaune ne a cikin ƙofofin dutsen yashi, yana tokare da nauyin ƙasar da take bisansa. Da aka yi ta zuƙe shi, sai dutsen ya matse, ƙasa ta soma nitsewa a hankali kamar faifai, har tsakiyar yankin ya sauka fiye da santimita 30. A wurinmu wannan ba wani abu ba ne, tsawon ƙafar mutum ne kawai. A ƙasar da ruwa yake jiran ƙofa, sai da aka ɗaga ganuwa, aka sake gina gadoji da injinan tsotse ruwa. Ta yaya aka san ƙasa ta sauka, aka kuma san ko nawa? Saboda akwai tsofaffin alamun tsayi da aka auna tun kafin a huda rijiya ta farko, ana komawa ana sake auna su. Da babu awon jiya, da kamfani ya ce haka Allah ya halicci wurin.

Bayan nitsewa sai girgiza. A 1991 aka ji ta farko a Middelstum, aka yi ta samun ƙanana, kamfani da gwamnati suna ta sassauta magana, har ranar 16 ga Agusta 2012 da aka yi mai ƙarfin 3.6 a Huizinge. A ma'aunin duniya ƙarama ce, amma da yake kusa da sama take, kuma ƙasar laka ce mai taushi, dubban gidaje da rumbuna da tsofaffin majami'u suka tsattsage. Mutane suka shekara da shekaru suna neman diyya, ana ce musu su kawo shaidar cewa tsagar ba tsohuwa ba ce. Kwamitin binciken majalisar ƙasar ya ba da rahoto a Fabrairun 2023 cewa an fifita kuɗi a kan lafiyar mutanen lardin. Aka tsayar da ɗibar gas ranar 1 ga Oktoba 2023, aka rufe filin da doka a Afrilun 2024, alhali da sauran gas a ƙasa. Abin lura shi ne, waɗannan mutane ne masu rajista, masu lauyoyi, masu taswirar kusan shekara 200, amma sai da suka sha wannan wuya.

Bututu ya nufo gida

A Nijeriya an sami mai a Oloibiri a 1956, gas ɗin da yake fitowa tare da shi kuma aka yi ta ƙone shi a sarari, duk da dokar 1979 da ta sa ranar 1 ga Janairu 1984 a matsayin ranar dainawa. Mu a Arewa labari kawai muke ji. Abin ya matso ne ranar 30 ga Yuni 2020, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin bututun gas daga Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614 da faɗin inci 40. Hanyarsa ta shigo Kano ta kudu ne, ta wajen hanyar Zariya, ba ta Rimin Gado ba. Sai dai wannan bututu gaɓa ce ta wani babban shiri da Nijeriya da Nijar da Aljeriya suka sa wa hannu a Abuja a 2009, suka sabunta a 2022, na kai gas ta cikin Sahara har Hassi R'Mel, tafiyar fiye da kilomita 4,000. Ko ta gabas ya kewaye birni ko ta yamma, babu yadda za a yi ya fita daga Kano ya nufi arewa bai ratsa karkara irin ta Rimin Gado ba, mai gona manne da gona. Haka ma rassan da za su kai gas masana'antu.

Bututu ba ya nitsar da ƙasa, ba ya girgiza ta. Abin da yake yi shi ne ya yanki zirin ƙasa, a sare itatuwan da suke kai, a hana gini, a raba gona biyu, a datse burtali. Me doka ta tanada? Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun Gwamna, ta kuma ambaci shimfiɗa bututu a cikin dalilan da za a iya karɓe fili saboda su. Dokar Bututun Mai ta 1956, wadda ta haɗa har da na gas, ta yi maganar diyyar gine-gine da amfanin gona da itatuwa masu amfani. Kowace daga cikinsu tana bukatar a san abu biyu: wane ne mai wurin, me kuma yake kai. Ɗorawa nawa? Mangwaro nawa? Gonar ta gandu ce da 'yan'uwa biyar suke ci, ko gayauna ce, ko jingina ce a hannun wani, ko aro? Ina rabon matar da ta gada amma ƙaninta yake nomawa? Yawancin manoman karkara ba su da takardar mallaka. Shaidarsu dagaci ne da mai unguwa da maƙwabta. Wannan shaida tana da ƙarfi a gaban alƙali, amma takan yi rauni ranar da aka zo da jerin sunayen da aka riga aka buga a ofis.

Ba sai mun je Turai neman misalin abin da yake biyo baya ba. A Bakolori ta ƙasar Sakkwato, rikicin diyya da na sake rabon gonaki bayan gina madatsar ruwa shi ya kai ga tare hanyoyi, har 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wa manoma wuta a watan Afrilu na 1980, aka rasa rayuka da yawa. Cikin abin da manoman suke kuka da shi har da cewa bayan an baje ƙasa da katafila, an share iyakoki da itatuwan da kowa yake gane gonarsa da su, sai aka rasa mai iya nuna inda ta wane take.

Wannan ne ya sa nake ganin tsofaffin takardun nan sun wuce kayan ajiye wa gara. Taswirar En'e tana da suna da iyaka amma ta tsufa, an yi gado hawa uku ko huɗu a bayanta. Taswirar jirgin sama tana da tudu da rafi amma ba ta san kowa ba. Dattijon unguwa ya san kowa, sai dai ba ya dawwama. Sai an haɗa ukun nan kafin a sami abin da zai tsaya a gaban injiniya, kuma haɗa su aiki ne da yake bukatar wanda ya iya karanta Challawa ya gane Calawa ce, ya ji an ce kufai ko maƙabarta ko mashaya ya san abin da ake nufi, ya kuma iya zama a gaban tsoho ya yi tambaya da ladabi. Ɗan Sashen Labarin Ƙasa yana da madubin duba hoto, amma kunnen yana wurinmu.

Ga wanda yake son ya soma, takardun Lardin Kano, har da rahotannin kimanta haraji na gunduma-gunduma, suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da yake Kaduna. Akwai wasu a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, a Gidan Ɗan Hausa. Fallayen 1:50,000 akan same su a ɗakunan taswira na jami'o'in Kano da Zariya da ofishin Safiyo Janar. Hotunan jirgin saman da hukumar Ingila ta ɗauka kuwa, waɗanda suke nuna gonakin kakanninmu da itatuwansu ɗaya bayan ɗaya, tun 2012 suna ajiye a birnin Edinburgh na ƙasar Sikotilan.